Geron da Muka Shuka a Ƙasar Shanu

Abokan zamana na bakin kasuwar dabbobi ta Dakoro sun matsa mini. Duk ranar da hira ta yi daɗi sai wani ya ce, “Nomau, wai da gaske ka tako wannan ƙasa tun babu gari?” In na ce da gaske ne, sai tambayoyi su biyo baya: da wa kuka zo, me kuka ci, ina kuka kwana. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata bayan wannan sai ya fara ajiye goro.

A lokacin Nasara ba su zo ba, ko labarinsu ba mu taɓa ji ba. Garinmu ɗan ƙauye ne a bakin Gulbin Kaba, ni kuwa yaro ne, ina karatun allo wajen Malam Sanda. Makarantarmu tana da wata al’ada. Da ruwan shuka ya sauka, rumbuna sun yi ƙasa, sai Malam ya kwashi ƙananan ɗalibansa waɗanda ba su isa riƙe hauya ba, ya yi arewa da su wajen amininsa Arɗo Riskuwa. A can damina lokacin nono ce. Malam ya koya wa ’ya’yan Fulani karatu, mu mu sha nono, iyayenmu su huta da bakunanmu har gero ya nuna. Yaron da ya je ya dawo kuwa, sai ka gan shi yana tafiya yana buɗe hammata, ba mai iya yi masa musu a dandali. Na shekara ina jiran a ce na isa.

Ranar tashi Inna ta ɗaure mini gumba a tsumma, ta kuma zuba mini tsabar gero a zabira. Ta ce, “In nono ya gundure ka, ka ba wata ta daka maka.” Sai ta juya ta shiga ɗaki da sauri, wai ta manta wani abu. Ni dai murna ta hana ni lura da idonta.

Muka kama hanya, Malam a gaba da sandarsa yana ɗingishi, don yana da ciwon gwiwa, jaki a tsakiya ɗauke da alluna da buzun salla, mu a baya. Abokina Arzika yana gefena. Arzika yaro ne mai baki kamar an kunna shi, ga tsoro, amma tafiya ba ta daɗi in babu irinsa. Ba mu yi nisa ba muka isa wani ruwa da ya kwanta a kan hanya. Jakin nan ya shiga har tsakiya, ya tsaya, ya yi tunani, sai ya durƙushe. Kafin mu ciro kayan, duk rubutun allunanmu ya wanke tas. Muka yi tsuru-tsuru muna jiran bulala. Sai Arzika ya ce, “Allah shi gafarta Malam, yanzu jakin ga ya hi mu karatu, ya sha na kowa.” Malam ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara.

Mun sauka a wani ƙauye gidan wata tsohuwa da Malam ya saba sauka. Ta tuƙa mana tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallonmu muna ci. Ta ce, “Ku ci da kyau, ɗiyana, ku lashe akushi. Wanga shi ne tuwonku na ƙarshe sai kaka.” Muka yi dariya, mun ɗauka wasan kaka da jika ne. Ashe gaskiya ta gaya mana.

A Kornaka ne muka san mun bar gida. Daga nan ƙasar Buzaye ce, ba a wucewa sai da saninsu. Wasu mutane bisa raƙuma suka tare mu, kowa da takobi, fuska a naɗe cikin baƙin rawani, idanu kaɗai ake gani. Ni na ƙame, ban yarda a ga tsorona ba. Arzika ya laɓe bayana, ya raɗa mini da irin raɗarsa da ake ji daga bayan gari, “Nomau, ta ina suke cin abinci?” Ashe ɗayansu yana jin Hausa. Ya sunkuyo daga kan raƙumi ya ce, “Ta inda muke cin yara masu surutu.” Ranar Arzika bai sake cewa uffan ba har la’asar. Da suka gane Malam Sanda ne, suka sauko suka gaishe shi, ya yi wa yaron ɗayansu addu’a, suka ba mu cuku, wato busasshen nonon nan nasu mai tauri. Arzika ya gatsa, haƙorinsa da ya daɗe yana girgiɗi ya maƙale a ciki. Ya riƙe haƙorin a hannu har muka isa, wai zai kai wa uwarsa shaida.

Bayan Kornaka sai gonaki suka yi ta raguwa har suka ƙare. Babu rumbu, babu kunyoyin noma, babu ko ɗan zabon gida. Ciyawa ce kawai iyakar ganinka, ƙasa a jiƙe tana ƙamshi. Mu ’ya’yan manoma abin ya dame mu. A garinmu, mutum ya bar ƙasa mai laima haka ba shuka, sai a ce ko dai ba shi da lafiya ko an yi masa rasuwa. Muka yi ta tambayar Malam gonar wa ce wannan, har ya gaji ya ce mu rufe baki mu kula da jaki.

Rugar Arɗo Riskuwa tana gefen kwarin Tarka, kusa da wani tafki. Arɗo dogon tsoho ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Shi da Malam sun yi gaisuwa mai tsawo, kowa yana kallon gefe, har muka gaji da tsayuwa. Abubuwan mutanen nan sun ba mu mamaki. Gida ba katanga, ba zaure, amma kowa ya san inda bai kamata ya taka ba. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Saurayi zai kwana da yunwa da a gan shi yana ci gaban surukinsa. Shanu kuwa kowace da sunanta, a kira ta daga nesa ta ɗago kai ta taho, abin da ko mu Malam bai samu daga gare mu ba. Kuma ba sa faɗa da baki. A garinmu in ka ɓata wa mutum rai, unguwa duka za ta ji kafin azahar. Su kuwa sai dai ka ga gaisuwa ta gajarta.

Matar Arɗo, wadda kowa ke kira Dada, ita ke raba mana nono. Kwanakin farko cikinmu ya yi bore, muka yi ta zarya bayan tudu, yaran ruga suna mana dariya. Daga baya jiki ya karɓa. Muka yi kumatu, fatarmu ta yi sheƙi. Da asuba mu yi karatu tare da yaransu, in rana ta ɗaga mu tafi neman itace, da yamma a sake ɗaukar allo. Sun fi mu gudu da jifa, mun fi su hadda, kowa ya san matsayinsa.

Malam ne nono bai karɓa ba. Ba ya ƙorafi gaban masu gida, amma in mu kaɗai ne sai ya kalli ƙwarya ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Kai, yanzu a gida an kusa fara gasa tumun sabon gero.” Alhali ko noman farko ba a gama ba.

Wata rana wajen itace muka gangara bayan wani tudu, muka tarar da tsohon makwancin shanu a cikin ɗan kwari. Ƙasar baƙa wuluk, taki ya ruɓe a ciki shekara da shekaru. Na tsuguna na damƙi ƙasar na murza yadda nake ganin Baba yana yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na tuna da zabirar Inna, na kuma tuna da ajiyar zuciyar Malam. Na ce wa Arzika, “Mu shuka wa Malam tumu.” Sauran yaran garinmu suka ce sun yarda, kuma kada a gaya masa sai ranar da za mu ajiye masa a gabansa da zafinsa.

Ba mu da sungumi, da tsinken itace muka yi saran. Ni ke gaba ina tona rami, na baya yana zuba iri yana rufewa da dunduniya. Muka sassaro ƙaya muka kewaye wurin, muka bar ’yar ƙofa muka toshe da reshe. Allah ya ba da ruwa. Da ya tsiro muka yi masa cira, muka nome shi da hannu. Jama’a, na yi noma har gemuna ya yi fari, ban sake ganin gero irin wannan ba. Kara ya yi kaurin dantsena, ganye ya yi baƙi-baƙi don ƙoshi. Ya wuce kaina, ya wuce kan wanda ya fi mu tsawo. Ya yi ciki, ya fitar da kai, kowace zangarniya ta kusa kamu guda. In na shiga tsakiyarsa na tsaya, ji nake babu mai gidan da ya kai ni a duk Gulbin Kaba.

Muna zaton ba wanda ya sani. Yaro man kaza. Mutanen da ke gane sawun saniyarsu cikin sawun garke, su ne za a ɓoye wa gona?

Geron na fara bununi, wato furen da ke fita kafin ƙwaya, sai muka ga abubuwa sun sake. Arɗo ya daina zuwa zama wajen Malam da yamma. Yaran ruga suka riƙa fashin karatu. Nono bai ragu ba ko kaɗan, amma Dada takan ajiye ƙwarya ta juya ba tare da tsokanarmu ba. Malam ya damu, ya rasa laifinsa. Sai wata safiya muka tashi muka ga mata suna naɗe tabarmi, ana ɗaura wa takarkari kaya. Ruga za ta tashi, kuma ba wanda ya ce mana mu shirya.

Malam ya je ya sami Arɗo. Arɗo ya ce, yana kallon ƙasa, “Shanu sun ƙi wurin, Malam.” Ga ciyawa har gwiwa, ga tafki cike. Malam ya san ba haka ba ne, kuma ya san ma’anar abin. In suka tashi suka bar mu, sai mu koma gida tsakiyar damina mu tarar da rumbu wayam. Amincin da ke tsakaninsa da Arɗo tun suna samari ya yanke ke nan, kuma babu yaron garinmu da zai sake zuwa shan nono. Na ga Malam ya dawo ya zauna bisa buzu yana jan tasbaha.

Dada ce ta kasa daurewa. Tana wucewa da tabarma a kai ta ce, ba tare da ta tsaya ba, “Malam, tambayi ɗiyanka abin da sunka binne bayan tudu.”

Malam ya juyo ya dube mu. “Mi kunka yi?”

Na miƙe na ce, “Allah shi gafarta Malam, ba mugun abu ba ne. Sai dai ka zo ka gani.”

Ya ɗauki sanda, muka hau tudun a hankali saboda gwiwarsa. Da ya leƙa kwarin sai ya tsaya cak. Malam ɗan manomi ne kafin ya zama malami. Bakinsa ya riga shi, ya ce, “Tubarkalla!” Sai da kalmar ta fita sannan ya tuna faɗa ya zo yi. Arzika ya ce, “Tumu ne munka shuka maka, Malam.” Malam ya share ido da hannun riga.

Muna nan tsaye Arɗo ya iso, sanda a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya ce, “Wa ya yi wanga aiki?”

Na ce, “Ni ne, Baba Arɗo. Ni na kawo iri.”

Ya ce, “Tun ranar da kunka sa shi a ƙasa na sani. Na ce wasan yara ne, rana za ta kashe shi, ba sai na kunyata baƙona ba. Da ya lalace, da ban ce komi ba. Amma ya yi kyau, yaro. Kyan nan nashi shi ne ya hana ni barci.”

Ban gane ba, kuma fuskata ta nuna. Sai ya tsuguna, shi da girmansa, har idonsa ya yi daidai da nawa.

Ya ce, “Ina kamar kai muna kiwo a kudu, wani wuri mai ciyawa kamar nan. Wani bawan Allah ya zo ya roƙi ubana ya shuka ɗan kaɗan. Ya yi kyau. Baɗi ya zo da ƙanenshi. Baɗin baɗaɗa anka gina rumbu, anka kafa masallaci. Wata rana saniyarmu ta bi hanyar da uwarta ta saba bi zuwa ruwa, anka ce ta shiga gona. Mutumin nan bai cuce mu ba, yunwa ce ta kawo shi. Amma hatsi ba ya zuwa wuri shi kaɗai. Ku koma gida da damin wanga, kowa ya gani, baɗi iyayenku ne za su zo da sungumi. Gara in tashi tun ina ganin mutuncin Malam.”

Muka dubi Malam, muna jiran ya yanke hukunci. Ya ce, “Ni ban shuka ba, ba ni cirewa. Gona ta mai ita ce. Nomau, kai ne mai gona.”

Arzika ya kama rigata yana kuka. “Nomau, ka roƙe shi kwana kaɗan. Saura kaɗan ya yi ido. Ko zangarniya guda Malam ya gasa.” Wallahi abin da ke raina ke nan. Amma daga kan tudun ina hango takarkarai an gama ɗaure musu kaya, mata suna tsaye suna jira. Kwana kaɗan ɗin nan babu shi.

Na gangara na kama reshen da muka toshe ƙofa da shi na fizge. Na ci gaba da jan ƙayar da hannu, tana soke ni, ban tsaya ba. Can sai na ga Arzika a gefena yana ja yana sheshsheƙa, sauran ma suka shigo. Da shingen ya buɗe na juya na ce, “Baba Arɗo, a kira su.”

Ya dube ni, ya miƙe, ya sa hannu a baki ya yi kira. Shanu suka gangaro, jajaye masu dogayen ƙaho, suka shiga gonata. Har yau ina jin ƙarar karan nan yana karyewa. Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba, amma ban kau da kai ba, ban kuma zauna ba. A tsaye na kalli abin har ya zama fili. Malam ya dafa kaina ya ce abin da dabba ta ci sadaka ce, ladan yana nan. Na ji shi, amma a lokacin ban ga lada ba, kara kawai na gani a kwance.

Arɗo ya kira wani yaro ya yi masa magana da Fulatanci, yaron ya ruga. Muna hangowa aka fara sauke kaya daga kan takarkarai. Sannan ya ce mini, “Saura abu guda. Shanu sun cinye hatsi, amma ba su iya cinye labari.”

Malam ya tara mu ya ce, “Kun ji dai. Ba don tuwo kaɗai anka yi ciki ba.” Muka ɗauki alkawari ɗaya bayan ɗaya, ba za mu ba kowa labarin geron nan a gida ba. Kowa ya fi jin tsoron bakin Arzika, amma ina shaida, har ya koma ga Allah bai faɗa ba.

Da yamma Dada ta zo da man shanu ta shafe mini tafin hannu, tana cire ƙaya tana mita, wai Hausawa ba su iya ganin ƙasa su ƙyale ta ta huta. Washegari yaran ruga suka cika makaranta. Arɗo ya dawo zamansa wajen Malam, kuma daga ranar in ya gan ni sai ya yi mini gaisuwa irin ta manya, mai tsawon nan, ni ma in kalli gefe ina amsawa. Yaran garinmu sun ci gaba da zuwa shan nono har bayan rasuwar Malam. Gonakin da kuke gani yanzu a wajen sun zo daga baya, amma ba ta bakina suka zo ba.

Da kaka ta yi muka juyo gida. Jaki bai durƙushe ba wannan karon, ruwan hanya ya janye. Inna ta yi ta juya ni tana cewa na yi ƙiba, ta tuƙa tuwo tun rana ba ta faɗi ba. Na tarar damina ba ta yi wa garinmu kirki ba. Gonarmu ta gaji, dammunan da Baba ya ɗaure ba su kai rabin rumbu ba.

Bayan na ci na ƙoshi, Baba ya kira ni ƙofar gida. Yana zaune yana murza wata ’yar siririyar zangarniya a tafin hannu, yana hure ƙaiƙayi. Ya tambaye ni karatu, ya tambayi lafiyar Malam. Sannan ya ce, “Nomau, kai ɗan manomi ne, ka san ƙasa in ka gan ta. Can inda kunka tahi, tana yin hatsi?”

Duk duniya babu wanda na so in ba labarin geron nan kamar mutumin da ke gabana. Shi ya koya mini murza ƙasa. Na so in miƙa hannu sama in nuna masa tsawon karan, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Na dubi ’yar zangarniyar da ke hannunsa.

Na ce, “Baba, ban ga wanda ya yanki ko zangarniya guda a can ba.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Haka na zata.” Ya zuba tsabar a bakinsa, ya kakkaɓe hannu, ya ce in tashi in ɗaure akuya kafin magariba. Na tashi na ɗaure ta.